Kun Tambaya, Mun Amsa: Kaka Ta Lalace, A Kori Koci Ko A Bar Shi?

Kusan duk wasiƙun da suka shigo filinmu na wasanni a wannan karon a kan magana ɗaya suke, wato makomar koci bayan ƙungiya ta yi mummunar kaka. Mun ɗauki guda shida.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da gidan kallon ƙwallo, kuma babu daren da ba a yin musu a kan wannan. Wasu na cewa da zarar ƙungiya ta ƙare a ƙasan inda aka sa ran ganinta, to koci ya tattara kayansa kawai. Wasu na cewa zalunci ne. Da me ake auna cewa laifin koci ne? Daga mai karatu a Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Teburi yana gaya maka cewa akwai ciwo, amma ba ya nuna maka inda ciwon yake. Ruwa ba ya tsami banza, kuma aikin mahukuntan ƙungiya shi ne su gano abin da ya tsamar da shi kafin su taɓa kowa.

Abu na farko da masu hankali ke ɗorawa kusa da teburin maki shi ne teburin albashi. Masanin tattalin arziki Stefan Szymanski ya bi lissafin kuɗin ƙungiyoyin Ingila na shekaru masu yawa, ya nuna cewa idan aka ɗauki dogon lokaci, yawan albashin da ƙungiya ke biyan 'yan wasanta shi ne ya fi komai nuna inda za ta riƙa ƙarewa. Saboda haka ka tambaya: ƙungiyar nan ta nawa ce a biyan albashi cikin ashirin? Idan ita ce ta 14 a albashi, ta ƙare ta 11, kocin ya yi ƙoƙari, ko da magoya baya sun so ganin ta shida. Idan kuwa ita ce ta biyu a albashi ta ƙare ta takwas, akwai tambayar da dole ya amsa.

Na biyu, kuma shi ne wanda ba a cika kawowa a gidan kallo ba, shi ne ingancin damarmakin da ƙungiya ke ƙirƙira da waɗanda ake ƙirƙira a kanta. Ƙwallo wasa ne mai ƙarancin ci. Ƙungiya na iya kai hari ashirin, turke ya mayar da biyu, gola ya ture biyar, abokan karawa su zo sau ɗaya su ci. A wasa ɗaya wannan ba komai ba ne, amma idan ya faru sau bakwai a kaka, maki goma sha wani abu sun tafi ba tare da koci ya yi kuskure ba. Shi ya sa manyan ƙungiyoyi ke amfani da ma'aunin da ake kira xG, wanda ke ba kowane bugu daraja gwargwadon yadda irinsa ke shiga raga. Fenariti, alal misali, kimanin uku cikin huɗu ke shiga, bugun nesa daga wajen da'ira kuwa ɗaya cikin talatin ma da ƙyar. Idan ka tara darajar duk bugun da ƙungiya ta yi da wanda aka yi mata, za ka ga ko wasanta ne ya lalace ko ƙwallo ce kawai ta ƙi shiga.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne Borussia Dortmund a kakar 2014/15. Lewandowski ya koma Bayern, Marco Reus yana fama da rauni, a farkon Fabrairun 2015 ƙungiyar Jurgen Klopp tana ta ƙarshe a teburin Bundesliga. Duk mai kallon teburi zai ce kocin ya ƙare. Masu nazarin alƙaluma na Liverpool da suka bi wasannin ɗaya bayan ɗaya sun ga akasin haka: Dortmund na ƙirƙirar dama fiye da yawancin ƙungiyoyin gasar, ci ne ya ƙi. Ta farfaɗo ta ƙare ta bakwai, Liverpool kuma ta ɗauki Klopp a Oktoban shekarar.

Wanda ba shi da kwamfuta ma zai iya yin irin wannan da biro da takarda. A kowane wasa ka rubuta sau nawa ƙungiyarku ta buga daga cikin da'ira babu wanda ya tare mai bugun, sau nawa aka yi mata haka. Wasa goma ya isa ka fara ganin hoto.

Daga nan sai jinya. Ka ƙirga wasannin da 'yan wasa sha ɗayan farko suka rasa, musamman gola, 'yan baya biyu na tsakiya da mai tare tsakiya. Amma a nan akwai abin lura. Karaya da gocewar gwiwa a karo ba laifin koci ba ne. Tsagewar naman bayan cinya da na ƙwauri kuwa, idan ta yi yawa a kaka ɗaya, sau da yawa daga atisaye take: an matsa wa 'yan wasa gudu ba hutu, ko ana dawo da mai jinya kafin ya warke. Wannan yana wuyan koci da masu taimaka masa.

Sai abin da ido ke gani a fili. Idan ana cin ƙungiya da bugun kwana a watan Satumba, har watan Afrilu irin ƙwallon nan ake ci mata, a turken kusa, mutum ɗaya na tsalle babu mai bin sa, to ba a gyara komai a filin atisaye. Idan ɗan wasan da ya zo yana da shekara 21 ya kai 23 bai ƙara komai ba, shi ma shaida ne. Wannan irin laifi shi ke sa mu ce a raba gari, ko da teburi bai yi muni sosai ba.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa. Ni dai abin da nake gani shi ne duk lokacin da aka kori koci sai ƙungiya ta tashi. Kowa ya ga yadda Kwaddibuwa ta kori kocinta ana tsakiyar gasa ta ɗauki kofi. Ashe wannan bai isa hujja ba? Daga mai karatu a Damagaram.

AMSA: Ɗan'uwa, abin da ka gani gaskiya ne, fassararsa ce ke buƙatar gyara. Ana korar koci ne a lokacin da ƙungiya ta kai maƙura wajen lalacewa, bayan rashin nasara huɗu ko biyar a jere, wanda sau da yawa ya haɗa da wasanni masu wuya da rashin sa'a. Daga irin wannan wuri, ko an kori mutum ko ba a kore shi ba, galibi sakamako yakan gyaru ya koma daidai ƙarfin 'yan wasan. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Bas ter Weel, ya bi gasar ƙasarsu daga 1986 zuwa 2004, ya kwatanta ƙungiyoyin da suka kori koci da waɗanda suka shiga irin wannan ramin suka haƙura da nasu. Ya tarar duka biyun sun farfaɗo kusan daidai wa daida.

Dubi Leicester, wadda mutanenmu suka bi sau da ƙafa a kakar 2016/17 saboda Ahmed Musa da Wilfred Ndidi. An sallami Claudio Ranieri ranar 23 ga Fabrairun 2017, wata tara bayan ya ba su kofin Firimiya, ƙungiyar tana maki ɗaya kacal sama da 'yan dagaji, ba ta ci ko ƙwallo ɗaya a lig ba tun shigowar shekarar. Mataimakinsa Craig Shakespeare ya karɓa, ya doke Liverpool 3-1, ya ci wasan lig biyar a jere, ya fitar da Sevilla daga gasar Zakarun Turai. Aka ba shi kwantiragin shekara uku. Watan Oktoba bai ƙare ba aka kore shi, Leicester tana ta 18. Babban giɓin da ƙungiyar ke da shi, wato tafiyar N'Golo Kante zuwa Chelsea, ba kora ce za ta cike shi ba.

Mutane na tuna waɗanda korar ta yi musu rana, su manta da sauran. Watford ta kori koci uku a kakar 2019/20, ta faɗa. A 2022/23 Leeds da Southampton kowacce ta canja koci sau biyu, Leicester sau ɗaya, kuma su ukun ne suka sauka daga Firimiya.

To ina ne korar ke yin aiki da gaske? Inda 'yan wasan suka fi matsayinsu a teburi nesa ba kusa ba, kuma wanda aka kawo ya fi wanda aka kora a fili. Aston Villa tana ta 17 lokacin da ta sallami Steven Gerrard a Oktoban 2022. Ta biya Villarreal ta ɗauko Unai Emery, mutumin da ya ci kofin Europa sau huɗu. Da kusan 'yan wasan nan ya ƙare na bakwai, kaka ta gaba na huɗu. Na Kwaddibuwa da ka kawo, a gasar Kofin Afirka, ma haka ne: bayan Equatorial Guinea ta lallasa su 4-0 a Abidjan, koci Jean-Louis Gasset ya tafi, mataimakinsa Emerse Fae da ya karɓa ya sauya tsakiyar fili, ya sa Jean Michael Seri ya zauna gaban 'yan baya, ya dawo da tsofaffin hannu. Canji ne da za ka iya nunawa da yatsa. Duk da haka sai da bugun fenariti suka wuce Senegal, Mali kuma a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci, kafin su doke Najeriya 2-1 ranar 11 ga Fabrairun 2024. Gasar wasa bakwai ba ma'aunin kakar wasa 38 ba ce.

TAMBAYA: Mahaifinmu kullum yana cewa da Manchester United ta kori Ferguson a 1990 da ba a san ta ba yau. Ashe ba haƙuri ne maganin komai ba? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Hajiya, Baba ya faɗi gaskiya a kan tarihi. Ferguson ya zo a Nuwamban 1986, ya ƙare na 11, na biyu, na 11, sannan na 13 a kakar 1989/90, wadda a cikinta Manchester City ta ci shi 5-1. Kofin FA na 1990 ne kofinsa na farko a United, lig kuwa sai 1993. Amma haƙurin da aka yi da shi ba na rufe ido ba ne. Mutum ne da ya riga ya ci lig ɗin Scotland sau uku da Aberdeen, ya doke Real Madrid a wasan ƙarshe na kofin Cup Winners' Cup na Turai a 1983, kuma mahukunta suna ganin yadda yake sake gina makarantar yara da ta fito da su Ryan Giggs.

Haka Arsenal da Mikel Arteta. Ya ƙare na takwas sau biyu a jere, ya buɗe kakar 2021/22 da rashin nasara uku, an zura masa tara bai ci ko ɗaya ba. Abin da masu ƙungiyar suka riƙe shi ne wannan: a kakar 2020/21 maki 14 ya samu a wasa 14 na farko, amma ya tara 47 a 24 da suka rage, kusan maki biyu a kowane wasa, da yara irin su Saka da Smith Rowe. Alkibla ta nuna sama. Daga nan ya zo na biyar, sannan na biyu.

Saboda haka a raba kaka gida biyu a kwatanta. Wanda ya fara da kyau ya ƙare a warwatse, da wanda ya fara a warwatse ya ƙare da kyau, suna iya samun maki ɗaya, amma ba hukunci ɗaya ya dace da su ba.

TAMBAYA: Malamai, ku warware mana. Ten Hag ya ci kofi a Manchester United aka bar shi, Postecoglou ya ci kofi a Tottenham aka kore shi. Wace ƙungiya ce ta yi daidai? Daga mai karatu a Zangon Kumasi.

AMSA: A ganinmu, kuskuren United ya fi girma, kuma ba don ta bar shi ba ne kawai, sai don yadda ta bar shi.

A kakar 2023/24 United ta ƙare ta takwas da maki 60, ta ci ƙwallo 57 aka ci ta 58, kuma tana cikin ƙungiyoyin da aka fi yi wa ruwan hare-hare a gasar. Duk wanda ya kalle ta ya ga ramin da ke tsakanin 'yan gaba masu matsawa sama da 'yan baya masu ja da baya, fili fetal a tsakiya wanda ko ƙaramar ƙungiya ke ratsawa da gudu. Matsalar tsari ce, ta koci, kuma ta kai wata tara ba a gyara ba. Sai ga wasan ƙarshe na kofin FA, suka doke City 2-1. Mahukunta, waɗanda suka riga suka tattauna da wasu kociyoyin, suka fasa. Suka tsawaita kwantiraginsa zuwa 2026, suka kashe kusan fam miliyan 200 a kan Zirkzee, Yoro, De Ligt, Mazraoui da Ugarte, biyu daga ciki tsofaffin yaransa ne a Ajax. Ranar 28 ga Oktoban 2024, bayan wasan lig tara da maki 11, suka kore shi.

Yanzu a lissafa asarar. Diyyar Ten Hag da mutanensa fam miliyan 10.4. Ɗauko Ruben Amorim da nasa mutanen daga Sporting kimanin fam miliyan 11. Wannan ma ƙarami ne idan aka kwatanta da abin da ba a rubutawa a takarda: sabon koci ya zo a Nuwamba da tsarin 'yan baya uku, ya tarar da 'yan wasan da aka saya don tsarin 'yan baya huɗu, babu atisayen share fage, ana wasa duk bayan kwana uku. Suka ƙare na 15 da maki 42. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Tottenham kuwa ta ci kofin Europa ranar 21 ga Mayun 2025, kofinta na farko tun 2008, amma ta ƙare ta 17 a Firimiya, an doke ta sau 22 cikin 38. Bayan kwana 16 ta sallami Postecoglou. Ana iya jayayya da hukuncin, domin 'yan bayansa da golansa sun daɗe suna jinya, kuma a ƙarshen kaka ya ajiye lig da gangan ya fuskanci kofi. Mu kanmu zuciyarmu ta sosu da ganin an sallami mutumin da ya kawo ƙarshen jiran shekara 17. Amma ta fuskar lokaci sun yi abin da ya kamata: sun yanke a farkon Yuni, kafin a sayi kowa, kafin a shiga sansani.

Wasan kofi ɗaya minti casa'in ne. Kada ya goge shaidar wasa 38, kuma kada rashinsa ya goge ta. Idan mahukunta sun zauna a watan Afrilu sun ga kocin nan ba shi ne ba, to ya tafi a Mayu ko ya ci kofi. Idan sun ga shi ne, su tsaya masa har cikin kasuwa da bainar jama'a. Mafi muni shi ne a bar mutum alhali an daina yarda da shi, domin 'yan wasa na ganewa tun makon farko, kuma daga ranar duk wanda aka ajiye a benci ya san jira kawai zai yi.

TAMBAYA: Ina cikin kwamitin gudanarwa na wata ƙungiya a nan gida. Mun ƙare kaka dab da faɗawa, kuma ana matsa mana mu sallami koci, alhali saura shekara ɗaya a kwantiraginsa. Yaya ake yi ba tare da an jawo wa ƙungiya shari'a ba? Daga mai karatu da ya nemi a sakaya sunansa.

AMSA: Ranka ya daɗe, kafin a buɗe fayil ɗin koci, kwamiti ya fara buɗe nasa. Wata nawa 'yan wasa ke bin albashi? An biya kuɗin sa hannu? Alawus ɗin wasa nawa ya taru? Wa ya ɗauko 'yan wasan da aka yi wa rajista, koci ne ko kuwa kowane babba ya kawo nasa? A wasannin waje, yaushe motar ke isa? Ƙungiyar da ta kwana biyu a hanya daga Arewa zuwa Uyo ko Fatakwal, ta sauka da daddare, 'yan wasa ƙafafu a kumbure, ta shiga fili da ƙarfe huɗun washegari, ba dabarar koci ce za ta hana a ci ta a minti ashirin na ƙarshe ba. Kano Pillars, mai kofin lig huɗu, da ta faɗa a 2022, cikin abin da ya kai ta har da zaftare maki da hana ta wasa a gida saboda hargitsi, abin da ba daga benci ya taso ba. A ɗaya ɓangaren kuma ga Remo Stars, wadda ta riƙe Daniel Ogunmodede ya zo na biyu sau biyu a jere, kafin ya ɗauki lig a 2025. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu.

Idan bayan wannan binciken kun tabbata matsalar tana ga koci, sai a ɗauko kwantiragi a karanta da lauya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rashin cin wasa shi kaɗai ba ya cikin dalilan da kotunan wasanni ke karɓa a matsayin hujjar soke kwantiragi ba diyya. Wanda ya kori koci saboda sakamako, ya karya yarjejeniya ne, kuma asalin hukunci shi ne ya biya albashin duk watannin da suka rage, sai dai in an rubuta wani adadi tun farko. Idan kocin ya sami wani aiki a cikin wannan lokacin, ana cire sabon albashinsa daga abin da za a biya shi. Shi ya sa ƙungiyoyi masu tsari ke rubuta sharaɗi tun ranar ɗauka: idan aka rabu, diyya albashin wata kaza ce, idan ƙungiya ta faɗa kuma kaza. David Moyes ya sa hannu a shekara shida da United a 2013, aka sallame shi bayan wata goma, amma abin da aka biya shi bai yi kusa da albashin shekara biyar ba. Chelsea kuwa rabuwarta da Antonio Conte da mutanensa a 2018, haɗe da shari'ar da ta biyo baya, ta ci mata fam miliyan 26.6.

Idan kocinku baƙo ne daga wata ƙasa, ku ƙara kula, domin yana da damar kai ƙara kai tsaye gaban FIFA, wadda tun Janairun 2021 ta shigar da kociyoyi cikin dokokinta na kwantiragi. Idan yana bin ku albashin wata biyu, ya rubuto ya ba ku kwana 15 ba ku biya ba, shi ke da ikon tafiya kuma ku biya shi diyya. Idan an yanke hukunci, kwana 45 ake bayarwa a biya, in ba a biya ba bayan haka a hana ƙungiya yi wa sababbin 'yan wasa rajista, har zuwa kasuwa uku a jere. Ana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni da ke Lausanne, amma kuɗin lauya a can ya kan fi ƙarfin ƙaramar ƙungiya.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce sulhu. Ku kira shi ku zauna ido da ido kafin kowa ya ji a rediyo. Ku fara biyan duk bashin da yake bi, domin babu kocin da zai sassauta a kan diyya alhali haƙƙinsa na baya yana hannunku. Ku yi tayin wani kaso na abin da ya rage, a biya nan take ko kashi biyu da ranaku a rubuce, kowa ya sa hannu cewa ba ya bin kowa komai. Ku tuna da mataimakansa, mai horar da gola da mai kula da motsa jiki, domin kowanne da tasa takardar. Kuma ku guji dabarar nan ta cewa koci ya koma gefe, ko an mayar da shi wani ofis da ba shi da aiki don ya gaji ya tafi da kansa. A gaban alƙali wannan kora ce, kuma ta fi tsada.

Wa'adin wasa uku da aka saba ba koci a gasarmu, ya gyara ko a kore shi, mu ba mu ga amfaninsa ba. Yana gaya wa 'yan wasa cewa makomar mai gidansu tana hannunsu, yana sa koci ya ajiye yara ya cika fili da 'yan baya don kare kansa, kuma wasa uku, wanda biyu a ciki ƙila na waje ne, ba ya auna komai.

Kada kuma ku sallame shi sai kun san wanda zai gaje shi, kun duba lasisinsa na CAF, kun ji irin 'yan wasan da yake so, kun ga ko kuɗinku zai kai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon ya samu aƙalla mako shida na sansani, kuma ya sa baki a rajistar 'yan wasa.

TAMBAYA: Shin dokar ɗaya ce ga kocin ƙasa? Har yau ana musu a majalisarmu a kan korar Gernot Rohr, tsohon kocin Najeriya. Daga mai karatu a Garwa, Kamaru.

AMSA: Kocin ƙasa ya bambanta, domin ba ya sayen 'yan wasa kuma kwana kaɗan yake samu da su, don haka ana auna shi ne daga gasa zuwa gasa. Masu son a sallami Rohr suna da hujja: Najeriya ta ba Saliyo 4-0 aka tashi 4-4 a birnin Benin a Nuwamban 2020, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta ci ta 1-0 a Legas a Oktoban 2021, kuma wasan ya daina armashi duk da tarin 'yan gaba. Masu kare shi ma suna da tasu: ya kai ƙasar gasar Kofin Duniya ta 2018, ya zo na uku a Kofin Afirka na 2019.

Abin da ba shi da kariya shi ne lokacin. An sallame shi a Disamban 2021, saura ƙasa da wata guda a fara gasar Kofin Afirka a Kamaru, ba tare da an tanadi magaji na dindindin ba. Ku mutanen Garwa kun ga abin da ya biyo baya a filin Roumde Adjia: Augustine Eguavoen na riƙon ƙwarya ya ci wasan rukuni uku, har da Masar 1-0, kowa ya ce an huta. A zagaye na biyu Tunisiya ta sa mutum biyu a kan Moses Simon, ta toshe gefen da duk hare-haren ke bi, babu wata dabara ta biyu, aka fita da 1-0. A watan Maris Ghana ta riƙe Najeriya babu ci a Kumasi, aka yi 1-1 a Abuja, tikitin gasar Kofin Duniya ta Qatar ya tafi da ƙwallon waje. Bayan haka FIFA ta umarci hukumar ƙwallon Najeriya ta biya Rohr kimanin dala 378,000.

Da an yanke hukuncin nan tun bayan wasan Saliyo, da sabon koci ya sami fiye da shekara guda da wasannin share fage aƙalla takwas kafin ya taka Garwa.